Jama'a a ba ni shawara, an gayyace ni hawa dutse ranar Asabar ga dusar ƙanƙara ta sauka

Ɗan Tirol: Salam jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawarar manya nake nema musamman waɗanda suka daɗe a ƙasashen duwatsun nan. Wata na huɗu kenan a Innsbruck, jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, kuma wannan ne hunturun farko da na ga dusar ƙanƙara da idona ba a talabijin ba. Yaran da muke zaune gida ɗaya sun ce in zo mu hau dutse ranar Asabar ta wajen Kühtai, ba inda kowa ke zuwa wasan zamiya ba, can gefe inda ba mutane, wai za a ɗaura min wasu faffaɗan takalma mu taka da ƙafa har sama. Tun jiya dusa take sauka ga iska, gari ya yi fari fat kamar an zazzage buhunan fulawa. Ɗayansu ya nuna min a waya wai rahoton masana ya ce hatsarin zaftarewar dusa daga kan dutse mataki na 3 ne cikin 5, ya ce ai tsaka-tsaki ne ba matsala. Ni dai zuciyata ta kasu biyu, ina so in gani kuma bana son a ce ɗan Afirka ya tsorata

Sarkin Gardama: Uku cikin biyar ai ko a jarrabawa ka haye hhh. Ka tafi abinka ka turo mana hotuna mu da ke nan Kano muna shan ƙura

Maman Ilham: Kai ɗana wa ya aike ka? Karatu aka turo ka ko hawa dutse

Injiniya: Wa alaikumussalam. Ƙanina ka yi kyan kai da ka tambaya. Abokin naka ya yi kuskure tun daga fassarar. Mataki na 2 shi ne ake kira matsakaici, na 3 kuwa Jamusawa suna ce masa erheblich, wato babba, wanda ba a raina shi. Shekarata goma sha ɗaya a Suwizalan kusa da Davos inda cibiyar binciken dusar ƙanƙara take, SLF, tun 1936 suke wannan aikin ba abin da suke yi sai haƙa dusa suna duba cikinta, kuma lissafinsu ya nuna kusan rabin mutanen da zaftarewa ke kashewa a mataki na 3 ne suke mutuwa. Ba a 4 ba ba a 5 ba. Dalili kuwa a fili yake, a 4 da 5 kowa tsoro yake ji ya zauna a gida, dutsen da kansa yake ta zubo da kaya kana jin ƙararsa daga gari. A 3 kuwa shiru za ka ji, rana ta fito sama ta yi shuɗi wuri ya yi kyau kamar hoton kalanda, dusar tana nan a maƙale tana jiran wanda zai taka ta. Kuma abin da ka faɗa na sabuwar dusa haɗe da iska, ai shi ne ainihin haɗin da ake gudu

Sarkin Gardama: To Injiniya in rabi ne ke mutuwa a 3 ai sauran rabin a wasu matakan suke mutuwa, kenan ko ina mutuwa ce, meye na ware 3

Injiniya: Sarki kai dai ba ka rasa ta cewa. Eh ana mutuwa a 2 ma, har a 1 akan samu. Shi ya sa ban ce masa a 2 ya tafi ido rufe ba. Amma matakan nan ba kamar matattakalar bene ba ne da kowane taku daidai yake da na baya, daga 2 zuwa 3 hatsarin ninkawa yake

Ɗan Tirol: Ranka ya daɗe ni abin da ban gane ba shi ne yadda abu mai laushi haka zai kashe mutum. Na damƙa a hannu ai kamar auduga ce

Injiniya: Ta hannunka daban ta kan dutse daban. Dusar da ke kan gangare ba abu ɗaya ba ce, hawa hawa ce, duk saukar da aka yi tun farkon hunturu ta bar nata shimfiɗin. Wani shimfiɗin ya daskare ya haɗe, wani kuma idan aka yi kwanaki ana tsananin sanyi sama ba gajimare sai ƙwayoyinsa su rikiɗe su zama kamar sukari, ko ka dunƙula ba sa dunƙuluwa. To sai sabuwa ta sauka a kai, iska ta kwaso ta daga wancan gefen ta jibge a wannan gefen ta danne ta ta zama falle guda mai tauri. Ka ɗauka ka baza gero a kan tabarma a karkace sannan ka ɗora faifai a kai. Faifan zai zauna lafiya lau har sai an taɓa shi. Kai ne mai taɓawar. Nauyinka ya karya wancan sukarin na ƙasa, karayar ta ruga ta ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, sai ka ga gangaren gaba ɗaya ya tsage a samanka ya taho kamar an ja bargo. Kusan tara cikin goma na waɗanda abin ke ci, su ne ko wani a cikin tawagarsu ya tayar da ita

Ba'agadashe: Assalamu alaikum. Injiniya wallahi bayaninka ya tuno mini hamada. Ni a Grenoble ta Faransa nike yanzu amma da ina yaro na sha bin babana tahiya daga Agadas zuwa Dirku da Bilma cikin Tenere. Tudun rairai hwa haka yake, gefen da iska ke bugu yana da ƙarfi mota na hawa lahiya, ɗaya gefen da iska ke zuba rairan shi ne mai tsayi mai laushi, ka taka bakinshi sai ya zube da kai. Direban da ya san hamada bai yanke wannan gefen a karkace, ko ya sauka a miƙe ko ya kewaya. Da na zo nan na ga yadda iska ke yi ma dusa leɓe a bakin dutse sai na ce ashe aikin guda ne. Bambancin dai rairai ƙwaya ƙwaya yake zuba, ita ko wannan falle guda take ɓallewa kamar bangon gida

Injiniya: Madalla, ka ga ɗan hamada ya riga ɗan boko ganewa. Kuma karkatar da rairayi ke tsayawa a kai, wajen digiri 30 da ɗoriya, nan ne ma matsalar dusa ke farawa. Ƙasa da digiri 30 da wuya falle ya ɓalle, tsakanin 30 da 45 nan ne gidanta, musamman wajen 35 zuwa 40. Wanda ya fi haka tsayi sosai dusar ba ta cika taruwa ba tana ta zubewa da kaɗan kaɗan. Ƙungiyar masu hawa duwatsu ta Ostiriya, Alpenverein, suna koyar da wata ƙa'ida mai sauƙi, a mataki na 2 kar ka kai digiri 40, a 3 kar ka kai 35, a 4 kar ka kai 30, a 5 ka zauna ka sha shayi. Amma kar ka manta ba inda ƙafarka take kawai ba, abin da ke samanka ma lissafi ne. Kana iya tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ka karya na ƙasan, karayar ta hau sama ta sako maka gangaren da ba ka ma taka ba

Maman Ilham: Innalillahi. Ni fa ko a cikin gari ban tsira ba. Shekarar da muka zo Munich ina tura Ilham a keken jarirai na ga an jingina wasu dogayen sanduna ja da fari a jikin wani gida, na ɗauka masu fenti ne suka bar kayansu na bi ta ƙarƙashi abina. Ban yi taku biyar ba na ji tim a bayana, dusar kan rufin ce ta sulɓo gaba ɗaya har da guntayen ƙanƙara kamar bulo. Wata tsohuwa ta tsaya tana ta min faɗa da Jamusanci ni ko kalma ɗaya bana ji a lokacin, sai kuka kawai. Daga baya na san sandunan gargaɗi ne. Ta rufin gida kenan fa, ina ga ta dutse

Sarkin Gardama: Anti Allah ya kiyaye gaba. Amma ni a fina finai na ga ihu ne ke tayar da ita, to Ɗan Tirol ka tafi ka yi shiru da bakinka shikenan, in ka ga abin mamaki ka yi salati a zuci

Injiniya: Wannan na fim ne kawai. Muryar mutum ba ta da ƙarfin da za ta motsa komai. Masu kula da wuraren wasan zamiya da nakiya suke tayar da ita da sassafe kafin a buɗe wa jama'a, wasu wuraren daga helikwafta ake jefawa, wasu an kafa manyan bututun gas a kan dutse ana fasa su daga ofis. A Kanada ma a Rogers Pass sojoji ne ke harba igwa kan duwatsun don babbar hanya da layin dogo su zauna lafiya. Shi ya sa filin da aka tanada aka sa masa alama daban yake da can gefe inda abokansa ke son kai shi, can ba wanda ya fasa maka komai

Abban Van: Slm. Ni ban so in yi magana ba amma abin ya taba ni. Na yi karatu a gabashin Turkiyya kuma ina can a watan Fabrairun 2020 lokacin da abin ya faru a hanyar Van zuwa Bahçesaray. Ranar 4 ga wata dusa ta zaftaro ta rufe wata karamar bas da motar share hanya, mutum biyar suka rasu wasu ba a gansu ba. Washegari daruruwan mutane suka fita nema, jandarmomi da yan kwana kwana da masu gadin kauyuka da mutanen gari kawai masu son taimako, suna cikin tono ta biyu ta sauko a kansu. Sama da mutum 40 gaba daya, yawancinsu masu ceton ne. Wlh garin ya yi tsit kwana da kwanaki, a masallaci ba ka jin komai sai addua. Abin da na dauka daga nan shi ne in ta fado sau daya ba wai ta gama ba kenan, sauran na nan a sama. Su Turkawa çığ suke ce mata, kuma mutanen kauyukan can ba wasa ne ya kai su ba hanyarsu ta zuwa asibiti da kasuwa kenan ba su da wata. Kai kuma dan uwa kana da zabi

Maman Ilham: Allah ya jiƙansu ya gafarta musu

Ba'agadashe: Amin ya Rabbi

Sarkin Gardama: Amin. To amma ku tsaya, yanzu fa ba wasa nake ba. Labarin Abba ai ni hujja ya ba ni. Waɗancan ba yawo suka je ba kuma ajali ya same su. Wani yana kwance a gadonsa a Fagge zai mutu wani ya hau Everest ya sauko lafiya. In kwana ya ƙare ko a mataki na sifili ne sai an tafi, in bai ƙare ba ko dutsen ne ya faɗo maka za ka fito. Duk wannan lissafin digiri da mataki ni gani nake Turawa ne da tsoron mutuwarsu

Malam Liman: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba don ba fannina ba ne, amma yanzu an shigo unguwarmu. Malam Sarki, ajali gaskiya ne babu mai ja. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ai juyawa ya yi da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan rahoton da masana ke fitarwa kullum shi ma cikin sababi yake. Mutanen Van fita suka yi ceton rai, muna yi musu kyakkyawan zato. Wanda aka gaya masa ga rami ya ce sai ya taka don hoto, lissafinsa daban

Sarkin Gardama: Allah ya gafarta Malam na karɓa. Amma a bar ni da Injiniya tukuna ban gama da shi ba. Ka ce masana sun san komai, to ya aka yi garuruwa sukutum ake binnewa a Turan

Injiniya: Ban ce sun san komai ba, su ma ba su ce ba. Ga misali a jihar da yaron nan yake zaune. Galtür, ƙauye ne a ƙarshen kwarin Paznaun. Fabrairun 1999 aka yi makonni dusa na sauka ba ƙaƙƙautawa ga guguwa, hanya ta toshe dubban baƙi suka maƙale. Ranar 23 ga wata da yamma ta sauko ta shiga har tsakiyar gari, ɓangaren da taswirar hukuma ta ce ba hatsari, ta kashe mutum 31. Washegari wata ta faɗa Valzur kusa da su ta kashe 7. Saboda yanayi jiragen ceto ba su iya tashi ba sai da gari ya waye, mutanen ƙauyen da baƙi su suka kwana tono da hannunsu. Daga baya sai da Amurka da Jamus da Faransa da Suwizalan suka turo helikwaftoci aka yi ta kwashe mutane. A watan nan dai aka rasa 12 a Montroc kusa da Chamonix a Faransa da wasu 12 a Evolène nan Suwizalan. To ka ga sun yi kuskure. Amma me suka yi bayan nan? Suka sake zana taswirar, suka kafa shingayen ƙarfe a saman dutsen inda take ɓallewa, suka gina katanga mai tsawon mita 345 a gefen garin har da gidan tarihi a jikinta. Ɗan Tirol in kana son ganin dutse ka hau jirgin ƙasa zuwa Landeck ka shiga bas ka je ka ga katangar nan, za ka fi ƙaruwa

Ɗan Italiya: Ku gafarce ni na shigo a makare ina wajen aiki. Mu ma nan muna da namu, otal din Rigopiano a gindin Gran Sasso, 18 ga Janairu 2017. Dusa ta yi kwanaki tana zuba ga girgizar kasa da aka yi ta yi da safen, bakin sun hada jakunkunansu suna zaune suna jiran motar share hanya ta zo su tafi, ba ta zo ba, da yamma ta sauko ta ture ginin daga inda yake. Mutum 29 suka mutu. Amma an ciro wasu da rai bayan kwana biyu har da yara hudu. To ni tambayata Injiniya in har ana kwana biyu a ciki a rayu, ashe in ta rufe mutum ba shikenan ba, sai ya jira masu ceto

Maman Ilham: A nan ni zan amsa don aikin jinya nake. Waɗancan gini ne ya rufa musu, akwai ɗakuna da sararin iska a tsakanin baraguzai. Wanda ta binne a fili ba shi da wannan. Dusar tana shiga baki da hanci, in ma ba ta shiga ba numfashinsa yana narkar da ta gaban fuskarsa ta sake daskarewa ta zama kamar kwano, yana ta shaƙar iskar da ya fitar har ya suma. Yawanci shaƙewa ce ke kashewa ba sanyi ba, wasu kuma tun a hanya ta maka su da itace ko dutse. In aka tono mutum cikin minti 15 na farko kusan tara cikin goma suna rayuwa, in aka kai minti 35 sai ka ga saura wajen uku cikin goma. Yanzu ka lissafa, ka kira waya, a tashi jirgi, ya nemo ku, in ma yanayi ya bar shi ya tashi. Ko ɗan sarauniyar Holan, Yarima Friso, da ta rufe shi a Lech ta Ostiriya a Fabrairun 2012 wajen minti 25 ya yi a ciki, ga kuɗi ga manyan likitoci, bai farfaɗo ba har ya rasu a 2013. Wanda ke kusa da kai shi ne asibitinka

Ɗan Tirol: Anti jikina ya yi sanyi wlh. Amma mutum ba zai iya tono kansa ba? Ni fa ina da ƙarfi ina ɗaga ƙarfe

Injiniya: Hhh ƙanina ko Shago ne kai. Tana gudu kamar ruwa take, mai falle cikin daƙiƙu kaɗan ta kai gudun mota a babban titi, amma da ta tsaya sai ta kame kamar kankare, yatsa ba za ka motsa ba, ba ka ma san ina ne sama ina ne ƙasa ba. Mai tono ka ma in kana zurfin mita ɗaya sai ya kwashe dusa fiye da tan guda. Shi ya sa duk mai fita gefe yake ɗaukar abu uku. Na'urar da ake ratayawa a ƙirji cikin riga, nan LVS suke ce mata, tana ta aika sigina, in wani ya ɓace sauran su juya tasu zuwa nema. Sai doguwar sanda mai naɗewa ta lalube, sai shebur na ƙarfe ba na roba ba. Akwai kuma jakar baya mai balan-balan da kake ja ta kumbura don ka tsaya a sama sama, tana taimakawa amma ba laya ba ce. Yanzu ka tambayi abokan naka tambaya biyu, kowa na da kayan nan har da kai? Kuma yaushe rabon da su gwada nema da su? Don na'urar a hannun wanda bai iya ba kamar ka ba ni allura ne ka ce in yi wa mutum tiyata

Ɗan Tirol: Na tambaya yanzu. Biyu suna da ita, ɗayan ya ce tasa na gidan iyayensa, ni kuma wai ba sai na ɗauka ba tunda a tsakiya zan riƙa tafiya

Maman Ilham: La haula. A tsakiya. Wato dusar za ta zo ta ce a'a wannan na tsakiya ne baƙo ne a ƙyale shi

Ba'agadashe: Hhhh Anti ta gama magana. Ɗan uwa a hamada in direba ya ce maka ba sai ka ɗauki jarkar ruwanka ba, sauka kake ka nemi wata mota

Abban Van: Kuma in su biyun masu na'urar ne ta rufe fa, kai da dayan da hannu za ku tona ko da me

Sarkin Gardama: To ni ma dai na sauka daga kan bakata a wannan. Amma kar ku sa yaro ya ƙare digiri bai taɓa taka dutse ba, Turawan nan da yaransu ƙanana suke hawa

Injiniya: A nan kuma ina tare da kai Sarki. Ban ce ya kulle kansa a ɗaki ba, ni kaina ina fita kusan duk sati biyu kuma ban san abin da ya kai shi wanke zuciya ba. Kawai a shiga ta ƙofa. Ga dutsen Nordkette a saman kansa, daga tsakiyar gari zai hau jirgin igiya ya je sama ya ga duk Innsbruck a ƙasa. Akwai hanyoyin tafiyar hunturu da aka share aka sa wa alama. In abin ya shiga ransa ya yi rajista da Alpenverein, suna yin kwas na kwana ɗaya ko biyu a koya maka nema da tono da karanta rahoto, kuma katinsu na ɗauke da inshorar ceto. Wannan ma ka riƙe, inshorar lafiyarka ta ɗalibi ba lallai ta biya kuɗin helikwafta ba in a wajen shaƙatawa ka ji ciwo, kuma dubban yuro ne. Lambar ceton dutse a Ostiriya 140 ce, ko 112 a duk Turai, mu nan 1414. Shi kuma rahoton ana fitar da na gobe da ƙarfe biyar na yamma, kar ka tsaya a lambar kawai kamar abokinka, ka karanta ƙasa inda suke faɗin daga wane tsayi abin ya fi muni da kuma gefen da ke kallon ina, yawanci tsakiyar hunturu gefen arewa da ba ya samun rana shi ne sukarin nan ke daɗewa a ciki. In bazara ta matso kuma labarin ya juya, rana ta jiƙa dusar ta yi nauyi, sai a fita da asuba a dawo kafin azahar

Malam Liman: Tunda an ambaci azahar, Ɗan Tirol in za ka fita irin wannan ka yi alwalarka tun daga gida ka sa safa a kai, ka huta da neman ruwa a cikin sanyin nan

Sarkin Gardama: Malam ya halatta a yi taimama da dusar ƙanƙara?

Admin: Sarki dan Allah wannan ka kai ta zauren tambayoyin Juma'a kar ka ɓallo mana wata zaftarewar a nan

Ɗan Tirol: Salam jama'a ga rahoton yadda Asabar ɗin ta kasance. Ban bi su can ba. Na tura musu abin da Injiniya ya rubuta na fassara musu, ɗayan ya ji haushi ya ce ni da ban taɓa ganin dusa ba zan koya masa, amma yarinyar da ke cikinsu ta goyi bayana sai aka canza, muka bi wata hanya ta cikin daji da ake jan keken zamiya a kai har zuwa wata bukka da ake sayar da shayi. Abin da zan ba ku labari shi ne a hanya na ɗan sauka gefe a wani fili shimfiɗaɗɗe zan ɗau hoto, ina taka wa sai na ji wani wum a ƙarƙashina kamar an buga babbar ganga a cikin ƙasa, wurin ya ɗan nutsa da ni kuma wata tsaga ta gudu gabana ta yi nisa. Wallahi ban san lokacin da na dawo kan hanya ba. Da muka isa bukkar mai wurin ya nuna mana dutsen da ke tsallaken kwari, ga layi nan a sama an yanke kamar da wuƙa, ƙasansa duk ya zube har gindi, ya ce jiya da rana ta ɓalle

Injiniya: Wannan wum ɗin shi ne geron ya karye a ƙarƙashin faifai. Ka ci sa'a a shimfiɗe kake kuma ba gangare a samanka. Shi wanda ya ji haushin yana wurin?

Ɗan Tirol: Yana bayana ranka ya daɗe, shi ma ya ji. Bai ƙara magana ba har muka sauko. Na sa sunana a kwas ɗin wata mai zuwa, shi ma ya ce in tura masa

Maman Ilham: Alhamdulillah. Amma hoton tsagar nan kar ka kuskura ka sa a status, ka san Hajiyarka na gani

Ɗan Tirol: Anti ai na riga na sa, ta kira sau huɗu ban ɗauka ba tukuna